Takardar Mai Unguwa Ba Satifiket Ba Ce

Yau kam zan taɓo dattawanmu, a yi mini afuwa, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun da aka cire Nasarawa daga Filato a 1996 aka mai da Lafiya hedikwata ƙasa ta fara tsada, da aka kawo Jami'ar Tarayya a 2011 kuwa sai kowa ya zama dillali. Duk wanda ya ɗan samu riba a doya ko riɗi sai ya nufi Shabu ko Kwandare ko hanyar Makurɗi ya sayi fuloti, zai gina ɗakunan haya. Ban ce laifi ba ne. Yadda muke sayen ne abin takaici.

Mahaifina ya sayi fuloti biyu a wajen gari hannun wani dattijo da suka shekara goma suna cinikin hatsi. Aka rubuta takarda da biro, shaidu uku, mai unguwa ya buga hatimi, aka yi fatiha aka watse. Da na ce Baba a kira safiyo a kafa duwatsu, a kai takardar ofishin filaye, sai ya ce wai ni yaro ne, ban san amana ba. Dattijon bai ci amana ba, Allah ne shaida. Rasuwa ya yi. Ko arba'in ba a yi ba ƙannensa suka zo suka ce gonar gado ce da ba a raba ba, ba shi da hurumin sayarwa shi kaɗai, kuma ɗaya daga cikinsu ya riga ya sayar wa wani ma'aikaci da wurin. Biyu daga shaidunmu sun koma gida Katsina, na ukun ya ce shi bai son rigima. Bulon da muka jibge har yau yana can, ciyawa ta rufe shi.

To jama'a, a nan ne nake cewa mun raina kanmu. Ɗan ƙasa idan aka taɓa filinsa yana da dangi, yana da tsofaffin da za su nuna bishiyar da kakansa ya dasa a kan iyaka. Kai da ubanka ya zo daga Kano ko Sakkwato da buhun gishiri, wa zai tsaya maka? Takarda ce danginka. Kuma dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, filin cikin birni shi ke ba da satifiket, ko mai satifiket ɗin ma ba ya sayarwa sai da amincewarsa. Hatimin mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, amma bai ce mai sayarwar shi ke da wurin ba.

Na san abin da za a ce: kuɗin safiyo, kuɗin NAGIS, zirga-zirga, ga kuɗin ƙasa duk shekara. Gaskiya ne, akwai wahala. Amma mutumin da ya ƙirga miliyoyi ya miƙa wa dillali har da la'ada, shi ne zai ce awo ya yi masa tsada? Wasu kuma su ce ai ko da satifiket gwamnati tana ƙwacewa. Tana yi, idan aikin jama'a ya biyo, kamar yadda faɗaɗa titin Keffi zuwa Makurɗi ya ci gine-ginen bakin hanya. Sai dai ranar biyan diyya, gara ka je da lambar fayil da ka je da fallen takardar makaranta.

Wanda zai saya, ya fara tambaya ko gado ne, idan gado ne a tara magada kowa ya sa hannu, har matan. Ya je ya duba ko wurin yana cikin shatar gwamnati kafin ya ba da ko kobo. Kuma don Allah a daina sayen fili da rani. Ka bari sai Agusta ka je ka tsaya a kai bayan an ɗauke ruwa, musamman gefen rafin Amba, ka ga inda ruwan yake kwana.

Baba har yanzu bai yarda na fi shi gaskiya ba, amma jiya ya tambaye ni nawa safiyo ke karɓa.