TSAKANINMU MATA: Yarinyar Da Ta Ce "Wa Ya Faɗa?"

  Yau dai za ku yi mini haƙuri, ba zancen saurayi da budurwa na zo da shi ba. Zancen lissafi ne. Na san wata za ta ce, "Kai, yau kuma Anti me ya yi zafi?" To ki tsaya ki ji, don wallahi saura ƙiris lissafin nan ya haɗa miji da mata faɗa.

Ina da yaya da aure ya kai ta Amurka, jihar Teksas, yau shekara goma sha uku ke nan. 'Yarta ta fari shekararta goma sha ɗaya, kuma ba ta zuwa makaranta, a gida uwar ke koyar da ita. Kada ku ce sakaci ne, a can abu ne sananne, tun 1993 doka ta halatta shi a duk jihohinsu 50, sai dai kowace jiha da nata sharaɗin. A Niyok sai iyaye sun riƙa kai rahoto sau huɗu a shekara, a Teksas kuwa ba a neman wannan. Yarinyar nan Allah Ya yi mata kai. Ta gama littafin aljebra da yaran can kan yi suna da shekara goma sha uku ko sha huɗu, ya rage sai jometiri, wato lissafin siffofi, su layi da kusurwa da da'ira da alwatika.

Ran nan cikin dare sai ga wayar Yaya, muryarta duk ta dushe. Na ce, "Yaya lafiya?" Ta ce, "Ina fa lafiya ƙanwata, 'yarki ta rufe littafi ta ce ta bar lissafi har abada." Abin da ya faru shi ne, Abbanta ya sayo mata wani littafi mai sheƙi da hotuna, shafin farko-farko aka rubuta cewa kusurwoyi uku na kowace alwatika in an haɗa su digiri 180 ne, a haddace, ga tambayoyi talatin a amsa. Yarinya ta ɗauko ma'auni ta zana alwatika biyar, wata ta ba ta 179, wata 181. Ta ce, "Momi, wa ya faɗa 180 ne? Kuma ko nawa sun yi daidai, wa ya auna duk alwatikan duniya?" Uwa ta ce haka yake a littafi. Uba ya dawo daga aiki ya ce taurin kai ne, ta haddace ta wuce, shi likita yake so ta zama ba mai gardama ba. Yaya ta ce ba taurin kai ba ne. Magana ta yi tsawo, har kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ni kuwa sai jikina ya yi sanyi, don na tuna muna aji uku na sakandare na taɓa yin irin wannan tambayar, aka ce in zauna ina ɓata wa mutane lokaci. Na zauna ɗin, kuma daga ranar ni da lissafi muka raba gari. Shi ya sa na ce wa Yaya, "Ki ba ni sati biyu." Muka shiga bincike ni da ita, ga kuma abin da muka samo.

Ashe jometiri iri biyu ake koyarwa. Akwai na hadda, a ba ka ƙa'ida ka zuba lambobi ka fitar da amsa. Akwai kuma na hujja, inda ba a yarda da magana sai an nuna dalilinta daki-daki, kowane mataki ya dogara a kan wanda ya gabace shi. Mai wannan hanya ta biyu wani malami ne Yuklid, Larabawa na ce masa Uƙlidis, wanda ya zauna a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littafinsa kashi 13 ne. A kashi na farko ya ɗauki 'yan maganganu kaɗan da kowa zai yarda da su, kamar cewa ana iya ja layi miƙaƙƙe daga kowane ɗigo zuwa wani, a kansu ya gina mas'ala 48. Amsar tambayar 'yar tawa tana nan a ta 32. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Halifa Haruna Rashid, an kuma fara buga shi da injin ɗab'i a Italiya a 1482.

Bari in ɗanɗana muku mas'ala ta farko ku ji yadda hujja take. An ba ki layi daga A zuwa B, ana so ki gina alwatika mai gefe uku daidai wa daida. Ki kafa tsinin kamfas a A, ki zana da'irar da ta bi ta kan B. Ki koma B, ki zana wata da ta bi ta kan A. Inda suka haɗu ki kira shi C, ki ja layi daga C zuwa A, da kuma zuwa B. To AC daidai yake da AB, don duka daga tsakiyar da'ira ɗaya suka tafi bakinta. BC ma daidai yake da AB saboda wannan dalilin. Abu biyu kuwa da kowannensu ya yi daidai da abu guda, su ma daidai suke da juna. Shi ke nan, ba ki auna komai ba, amma ba mai iya musa miki.

Sai maganar wane littafi za a saya, don shi littafin Yuklid na asali ba shi da tambayoyin gwaji, harshensa kuma na mutanen da ne. Guda uku muka fi jin iyaye masu koyarwa a gida suna ambata. Akwai na Harold Jacobs da ya fara fitowa a 1974, mai tafiya a hankali da zane-zanen ban dariya, ya dace da yaron da ke son a riƙe masa hannu. Akwai na Kiselev, mutumin Rasha, wanda ya fito a 1892, aka daɗe ana karantar da shi a makarantun can, aka fassara kashinsa na farko zuwa Turanci a 2006. Shi ba ya yawan surutu, kuma ba ya tauna wa yaro abinci. Sai na Richard Rusczyk na kamfanin Art of Problem Solving, wanda shi matsala yake fara jefa wa yaro ya yi ta kokawa da ita kafin a yi masa bayani. Yana da littafin amsoshi daban, suna kuma da aji ta intanet.

To 'yar uwa, in kin sami kanki a irin wannan hali, ko a ina kike, ga abin da zan ce ki duba. Na farko, ki buɗe tsakiyar littafin ki ƙirga, sau nawa aka ce wa yaro "nuna dalili", sau nawa aka ce "nemo amsa"? In duk nemo amsa ne, ki ajiye shi. Na biyu, ki tabbata aljebrarsa ta zauna, kada a yi gini a kan toka. Na uku, kuma shi ne babba, wa zai duba masa? Lamba kina iya duba ta a bayan littafi, amma hujja kamar wasiƙa ce, sai wani ya karanta ya ga ko an yi tsallake. In ba za ki iya ba, ki nemi malami ko da sau ɗaya a sati. Na huɗu, ki shirya wa hawaye. Yaron da ya saba cin komai cikin minti biyu, ranar da ya kwana uku a kan tambaya ɗaya zai ɗauka kansa ya toshe. Kada ki yi saurin buɗe masa amsa, sannu ba ta hana zuwa.

Mu dai na Rusczyk muka zaɓa, saboda yarinyar mai son kokawa ce, Yaya kuma ta yi alkawarin ita ma za ta zauna ta koya tare da ita. Maigidan kuwa, na ce da Yaya kada ta yi masa gardama, ta bari sai ya ci ya ƙoshi ta sa yarinyar ta yi masa da'ira biyun nan a kan tebur. Haka aka yi. Tana gamawa sai ta yi shiru ta ce, "Amma Abba, wa ya faɗa dole da'irorin nan su haɗu?" Yaya ta ce gabanta ya faɗi. Ashe tambayar gaske ce, Yuklid kansa bai kawo hujjar wannan ba, malamai sun daɗe da gano giɓin, har wani Bajamushe David Hilbert ya sake ɗora ginin a kan cikakken harsashi a 1899. Da suka gano haka, Abban ya daɗe yana kallon 'yarsa, washegari da kansa ya biya kuɗin littafin.

Mai cewa wannan ba harkar mace ba ce kuwa, a ba shi labarin Maryam Mirzakhani 'yar ƙasar Iran, wadda a 2014 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na lissafi a duniya, kuma a fannin jometiri ta yi fice. Ta rasu a 2017 tana da shekara 40.

Iyaye mata, don Allah in yaro ya ce "me ya sa?" kada a ce masa rashin kunya ce. In ba ki da amsa ki ce masa, "Zo mu nema tare." Ni da aka ce in zauna, ga shi sai yanzu na sayi kamfas, ina zana da'ira a bayan takardun labarina.