KIMIYYA GA KOWA: Abin da hoton ɗigon raɓa ya nuna wa masu garka

Akwai wasu masu ɗaukar hoto da ba su damu da biki ko taron sarauta ba. Aikinsu shi ne ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, har ƙudan zuma ya fito kamar ɗan tsako. Abin da suka fi so shi ne ɗigon raɓa bisa fure.

Da asuba suke fita, tun rana ba ta shanye raɓar ba. Suna sa wa kamara wani gilashi na musamman, su matso da ita har tazarar ba ta kai taƙi ba. Iska ce babbar abokiyar gabarsu, don in fure ya motsa kaɗan, hoto ya lalace. Wasu ma ba su jiran raɓa, fesa ruwa suke yi da kansu.

In an wanke hoton sai a ga abin mamaki. Cikin ɗigo guda, wanda bai kai ƙwayar dawa ba, ga furen da ke bayansa ya fito cikakke, amma kansa ƙasa. Dalili kuwa, ɗigon ruwa dunƙulalle ne kamar gilashin tabarau, yana karkatar da haske yana tara shi wuri ɗaya. Mai so ya gani da idonsa, ya shimfiɗa farar leda bisa wannan jarida, ya ɗiga ruwa ɗigo ɗaya. Baƙaƙen da ke ƙarƙashin ɗigon za su ƙara girma.

Daga nan ne wata magana ta samo tushe. Masu garka a ƙasashe da yawa suna cewa kada a yi ban ruwa da tsakar rana, wai ɗigon ruwa zai tara zafin rana ya ƙone ganye. A shekarar 2010 wani masani mai suna Gabor Horvat da abokan aikinsa, a birnin Budafes na ƙasar Hangari, suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi. Sun ɗiga ruwa bisa ganyaye masu santsi, suka bar su cikin rana. Ganye bai ƙone ba. Ɗigon yana manne da ganyen yana sanyaya shi, kuma wurin da hasken ke taruwa bai faɗa bisa fatar ganyen ba. Sai ga wani tsiro na cikin ruwa mai gashi-gashi aka ga ƙuna, don gashin ya ɗaga ɗigon sama.

To, in mai garka ya tarar da salatinsa ko tumatirinsa ya yi yaushi da azahar cikin zafin Afirilu, kada tsoron ƙuna ya sa ya bar shi da ƙishirwa. Aibin ban ruwan rana guda ne: rana na shan rabonta kafin saiwa ta samu. Shi ya sa safiya ta fi, kuma a zuba a gindi. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ne cutar ruɓa ke saurin kamawa.

Hotunan nan sun nuna wani abu kuma. Bisa ganyen albasa da na shu, ruwa ba ya shimfiɗuwa, tsayawa yake kamar ɗan dutsen wuya, ya gangare ƙasa, saboda wani kaki da ke rufe da ganyen. Maganin ƙwari ma haka yake yi. Wanda ya yi feshi da manyan ɗigo, ko ya yi shi raɓa na kwance bisa ganye, ƙasa ya shayar da kuɗinsa. A jira raɓa ta bushe, a gyara bakin famfo ya riƙa fitar da feshi lallausa, a kuma tambayi malamin gona ko maganin na buƙatar a haɗa shi da abin da ke sa shi manne wa ganye.