CACA CE, KO DA AN LULLUƁE TA DA GILASHI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.). Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya ratsa Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa a yau zai ga wata annoba ta kafa sansani a shagunan bakin titi, wato na'urorin caca masu allon gilashi, waɗanda ake sarrafawa da ɗan yatsa. Unguwannin da a da jiniyar masaƙu ke tashin magidanta zuwa neman halal, tun daga kafa masaƙar KTL a 1957 har zuwa rufe ta a 2002, yau 'ya'yansu ne ke yini a gaban allo suna jiran arzikin da ba su yi wa gumi ba.

Masu kare wannan ɓarna suna cewa wai wasa ne na basira, tunda mutum da hannunsa yake zaɓa. Wannan magana yaudara ce tsagwaronta. Yatsan ɗan caca ba ya canza komai, domin kwamfutar da ke ciki ita ke fitar da sakamako bisa lissafin da mai na'ura ya riga ya tsara. Mu ɗauki wasan faifai mai juyawa: lambobinsa 37 ne, daga 0 zuwa 36. Wanda ya zuba Naira 100 a kan kowace lamba ya kashe 3,700, kuma lallai ɗaya za ta ci, amma 3,600 kacal za a mayar masa. To, ina basirar take? An ƙawata allon ne kurum don hannu ya yi sauri, hankali ya yi barci.

Wasu kuma suna fakewa da cewa hukuma ta ba da lasisi. Shin takardar hukuma tana halatta abin da Allah Ya haramta? A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Allah Ya jera caca tare da giya da gumaka, Ya bayyana su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, masu haddasa gaba da hana ambaton Allah da Salla. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya gayyaci abokinsa caca kawai, an umurce shi da yin sadaka. Ina ga wanda ya ba da hayar shago dominta?

A watan Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ba na Tarayya ba. Saboda haka Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ba ta da sauran uzuri. Ba mu ce kowa ya ɗauki doka a hannunsa ba, domin Kaduna ta ɗanɗana ɗacin fitina. Abin da muke kira shi ne: masu shaguna su ƙi kuɗin hayar haram, limamai su yi huɗuba, iyaye su binciki inda kuɗin makaranta da jarin sana'a suke zurarewa, mu kuma haɗa murya da maƙwabtanmu Kirista, waɗanda wannan wuta take cin 'ya'yansu kamar yadda take cin namu.

Allah Ya shiryi matasanmu, Ya wadatar da mu da halal. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.