Ku Daina Kiran Ta Akwala

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wata sabuwar cuta da ta shigo mana ta wayar salula. Saurayi ya zauna a majalisa, ya kashe kuɗin abincinsa wajen sayen data, yana kallon wani Ba'amurke na tayar da tsohuwar Dodge Charger ta 1970, inji na ruri kamar hadarin Agusta, shi kuwa sai faman "kai, kai, kai" yake. Can sai ga tsohuwar Peugeot 504 ta wuce da buhunan gero da awaki za ta Dungas. Nan take sai ya taɓe baki ya ce akwala. Wannan taɓe bakin nake so mu yi wa shari'a yau.

Bari mu fara da ba motar Amurka haƙƙinta, don kada a ce hassada ce. Waɗannan motoci masu ƙwanji an haife su ne a shekarun 1960. Pontiac GTO da Ford Mustang duk sun fito a 1964. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗauki matsakaicin bodi a cusa masa ƙaton inji mai silinda 8, wani ma girmansa ya kai lita 7. A lokacin fetur araha yake a can kamar ruwan rijiya. Da rikicin man fetur na 1973 ya zo, ga dokokin hana hayaƙi, ga tsadar inshora, sai kasuwarsu ta faɗi. Abin da ake nuna mana a waya yau, gawarwakin waɗancan motoci ne da wasu masu kuɗi suka tono, suka kai gareji aka sa musu sabon inji da sabon birki da sabon fenti. Abin sha'awar shi ne hannun mutum ya taɓa kowane ƙarfe, kuma babu biyu masu kama ɗaya. Na yarda, akwai kyau a nan.

To amma ku gaya mini, me bakaniken Magarya yake yi tun kafin a haife mu? Peugeot 504 ta fito a 1968, sa'ar Charger ɗin ce. A 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka, tseren da ake yi cikin laka da ƙura. A wannan shekarar ce kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina yin ta. Daga nan ta cika tashoshinmu. Wadda kuke gani yau a hanyar Bande ko Waca ko Dogo-Dogo, da wuya a samu rabin ƙarfenta na asali. An sauya inji, mai walda ya ƙara mata ƙarfin sifirin don ɗaukar kaya, an ɗaga ta don ta haye rairayi, an ɗinke lagireto, an yi mata karaga a sama. Babu biyu masu kama ɗaya. Ashe ba shi ne abin da kuke yi wa tafi a waya ba?

Bambancin guda ne. Can ana gyara tsohuwar mota don a fita da ita ranar Lahadi a ɗauki hoto. Nan ana gyara ta don ta kai mai naƙuda asibitin Magarya cikin dare, ta kai dabbobi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ta dawo da ƴan kasuwa kafin magariba. Ba'amurken yana danna waya a kawo masa sifaya har ƙofar gida. Namu sai ya aika Ƙofar Ruwa a Kano. Da Nijeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan 26 ga Yulin 2023, sifaya ta yi wuya, amma motocin nan ba su kwanta ba, da abin da ke hannu aka yi ta lallaɓa su. A Habana ta ƙasar Kuba, irin wannan dabara ce ta riƙe motocin Amurka na shekarun 1950 bayan takunkumi, har ana sa musu injin gas na wasu motoci, kuma yau baƙi kuɗi suke biya su hau. Su ana ce musu gwanaye, namu kuwa ana ce masa baƙin mai.

Na san abin da za ku ce: tsoffin motocin nan suna kisa. Gaskiya ne, kuma ba zan kare direban da ya jibga mutane a kan buhuna da birkin da ba ya kamawa ba. Amma ku duba da kyau inda laifin yake: lodin da ya wuce kima, ramukan hanya, tayar da ta side, da binciken lafiyar mota da ake yi a takarda kawai. Ko sabuwar motar Kwatano aka yi wa wannan lodin, haka za ta kife. Maganin shi ne a matsa wa masu duba motoci su duba da gaske, a gyara hanyoyin karkara, a ƙara wa bakanike ilimi. Raina shi ba ya gyara birki ko ɗaya. Kuma wanda ke mafarkin inji mai silinda 8, ya tuna yadda kwalbar mai ta yi tsada a bakin iyaka tun da Nijeriya ta cire tallafi a Mayun 2023. Ko da matatar SORAZ a bayan gidanmu, motar nan sai ta cinye gonar gado.

Ni da nake karatun harshe, abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmomi. Garejin bakin iyaka wuri ne da Faransanci da Ingilishi suka haɗu suka zama Hausa. Wannan ya ce buji, wancan ya ce fulogi. Wannan ya ce esansi, wancan ya ce fetur. Ga shofer ga direba, ga bashe ga a-kori-kura. Yaron gareji da bai gama firamare ba yana juya duka biyun ba gargada, yana kuma gane ciwon inji da kunne. Sabbin motoci masu kwamfuta suna shigowa, tsoffin iyayen gidan gareji suna tafiya da abin da suka sani, mu kuwa muna nan mun haddace sunayen motocin fim.

Don haka ga ƙalubale. Wannan hutun, duk mai son tsohuwar mota ya ɗauki littafi da biro ya je garejin garinsu. Ya gaida maigida da ladabi, ya ce Baba ina so in koya. Ya rubuta sunan kowane ƙarfe yadda ake faɗinsa, ya tambayi shekarar da motar ta shigo, da injin wa ke cikinta yanzu. Mu tara a fitowa ta gaba mu buga. In kuma ƙaninka ya ce gareji zai shiga, kada ka ce ya lalace, ka saya masa sifana. Magabata sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to tamu zumar tana nan a tasha tana jiran fasinja.