Rahusar da Ba Jinƙai Ba Ce

Akwai wani ra'ayi da ya sami gindin zama a Biritaniya, musamman a wurin ma'abota ɗanɗana giya da rubuta hukuncinsu a kanta, cewa manyan kantunan da ke sayar da giyar kwalba mai launin ƙasa-ƙasa da sunan kansu, a farashi mai sauƙi, alheri suke yi wa talaka, tun da sun kawo masa abin da ba ya iya saye. Ni ban yarda ba. Kuma ko da yake hukuncin shari'armu a kan barasa sananne ne, ba da shi zan kafa musu hujja ba, sai da abin da hukumominsu suka tabbatar.

Kanti dai ba ya dafa giya. Kwangila yake bai wa masana'anta, ya matse farashi, ya manna tambarinsa, domin rahusar ta jawo mai saye cikin shago ya cika kwandonsa da sauran kaya. Wanda ya tsaya yana siffanta zaƙin kwalbar da ƙamshinta, yana gwada ta da Newcastle Brown Ale wadda ta fito a 1927, ya shagala da fure ya bar tushe. Na san za a ce irin wannan giya ba ta da ƙarfi ainun, kuma gaskiya ne. Amma maslahar da ta sauke farashinta ita ce ta sauke na masu ƙarfin da ke jere kusa da ita, waɗanda ke cinye hantar mutane.

A 2018 Sikotland ta haramta sayar da kowane mililita 10 na tsantsar barasa a ƙasa da rabin fam, bayan da masu sana'ar wiski suka yi shekaru suna jayayya har gaban Kotun Ƙoli, suka sha kaye a 2017. Binciken da aka buga a 2023 ya ƙiyasta cewa mace-macen da barasa ke haddasawa kai tsaye sun ragu da kashi 13 cikin ɗari bisa abin da zai auku in babu dokar, kuma raguwar ta fi yawa a unguwannin matalauta, wato mutanen da ake da'awar rahusar ta yi wa alheri. Wales ta bi sahu a 2020. Ingila kuwa ba ta yi ba, alhali a 2022 mutum fiye da 10,000 ne barasa ta kashe a Biritaniya.