Manhajar Kyauta da Makomar Ƙagaggen Labarin Hausa

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin rubuta ƙagaggen labari mai tsawo ya san cewa wahalar ba ta tsaya ga samun jigo ba. Idan labari ya kai babi talatin, sai marubuci ya fara mantuwa. A babi na biyar an ce Hadiza ƴar fari ce, a babi na ashirin kuma sai ga yayanta ya ɓullo daga Maraɗi. Wanda aka binne da damina sai a gan shi yana cin kasuwa da rani. Don magance irin wannan ne aka ƙirƙiro manhajojin tsara littafi, waɗanda ke raba rubutu zuwa babi-babi da fage-fage, su kuma ajiye bayanan taurari da wurare a gefe guda. Ra'ayina shi ne ɗalibin Hausa da ke son shiga wannan fage ya rungumi na kyauta daga cikinsu, amma ya auna kowace da ma'auni biyu: shin tana riƙe haruffanmu masu lanƙwasa, kuma shin za a iya buɗe abin da aka rubuta da ita bayan shekara ashirin?

Kalmar “kyauta” a nan tana da fuska biyu. Akwai manhajar da ba a biyan kuɗinta amma mai ita ya rufe sirrin gininta, kamar yWriter, wadda marubucin Ostareliya Simon Haynes ya ƙera. Akwai kuma ƴantacciyar manhaja, wadda kowa ke da damar duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya raba wa wasu. A wannan rukuni ake samun LibreOffice Writer da novelWriter da Manuskript. Bambancin yana da nauyi. Idan mai rufaffiyar manhaja ya daina kula da ita, babu wanda zai ɗora daga inda ya tsaya. Ita kuwa LibreOffice, haihuwarta ma hujja ce: a shekarar 2010 wasu masu aikin OpenOffice suka ɓalle suka ci gaba da aikin da sabon suna, domin lasisin ya ba su wannan dama.

Kowace da irin aikinta. LibreOffice Writer ta yi kama da Microsoft Word, kuma ta fi dacewa da matakin ƙarshe, lokacin da ake shirya shafuka don kai wa maɗaba'a. Ita novelWriter tana ajiye kowane fage a ɗan ƙaramin fayil na tsurar rubutu, ta jera su a gefen allo kamar rassan itace, yadda marubuci zai iya ɗauke fage daga babi na uku ya mayar da shi na tara ba tare da ya yanke ya liƙa ba. Tana kuma ba shi damar yi wa kowane fage alamar taurarin da ke cikinsa, don ya ga a ina da ina Hadiza ta fito. Manuskript tana jan marubuci ya fara da taƙaita labarinsa a jimla ɗaya, ya faɗaɗa ta zuwa sakin layi, daga nan zuwa shafi. Dukkan ukun suna aiki ba tare da intanet ba, wanda babban al'amari ne ga mai rubutu a Damagaram ko Garwa ko Tamale, inda kuɗin data ke cin aljihu.

Ma'auni na farko shi ne haruffa. Baki daban, baƙi daban. Kare ba ƙare ba ne, kafa kuma ba ƙafa ba ce. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, sai da masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙera salon haruffa na musamman don a iya buga ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta. Aikin ya yi amfani ƙwarai a zamaninsa, sai dai irin wannan rubutu yakan rikice idan aka buɗe shi a na'urar da ba ta da salon. A yau kowane harafi daga cikinsu yana da lambarsa ta dindindin a Unicode, har da ƴ da ake amfani da ita a ƙa'idar rubutun Nijar a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Manhajojin nan uku duk suna karɓar Unicode. Abin da ya rage shi ne hanyar shigar da haruffan, musamman ga masu allon bugu na Faransanci a Nijar da Kamaru da Cadi. Manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda ita ma kyauta ce, tana warware wannan, haka kuma salon haruffa irin su Charis da Andika suna nuna lanƙwasar yadda ya kamata.

Wani zai ce mai karatu yana gane ma'ana ko da babu lanƙwasa. Sau da yawa yana ganewa, amma na'ura ba ta ganewa. Idan marubuci ya rubuta Ɗanladi a wasu babobi, Danladi a wasu, to ranar da ya so sauya sunan, binciken manhaja zai kawo masa rabi ya bar rabi. Haka nan mai gyaran rubutu na kai tsaye, idan an bar shi a kan Faransanci ko Turanci, yakan juya kalmomin Hausa ya kuma karkatar da alamar da ke gaban 'y. Aikin farko bayan girka manhaja shi ne kashe shi.

Ma'auni na biyu shi ne ɗorewa. Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, har yanzu muna karanta su domin takarda ba ta buƙatar lasisi kafin a buɗe ta. Yawancin labaran yau kuwa a WhatsApp da Wattpad ake sakin su shafi-shafi, kuma sau da yawa kwafin asali yana cikin waya ɗaya tak. Waya ta faɗa ruwa, littafi ya tafi. Tsurar rubutu irin na novelWriter kowace na'ura tana iya buɗe shi, tsarin ODT na LibreOffice kuma ƙa'ida ce ta duniya da hukumar ISO ta amince da ita tun 2006. Wanda ya dogara da kwafin sata na manhajar kuɗi, ko da wani dandali da kamfani zai iya rufewa gobe, ya ba da ajiyar dukiyarsa ga wanda bai sani ba.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi: waɗannan manhajoji na kwamfuta ne, alhali mafi yawan marubutanmu da waya suke rubutu. Gaskiya ne. Amma ƙa'idar ba ta sauya ba. A sa allon bugu na Hausa a wayar, kamar wanda Gboard ke da shi, a rubuta kowane babi a fayil na tsurar rubutu, a ba shi lamba, a ajiye kwafi a wuri na biyu duk mako. Ranar da aka samu kwamfuta, ko ta aro ce, sai a zuba babobin cikin manhajar tsarawa.

Manhaja ba za ta ba kowa zalaƙar Imam ba, kuma wanda ya ɓata wata uku yana gwada wannan yana sakin waccan bai rubuta komai ba. Ku zaɓi ɗaya, ku buga jimla mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ku fitar da ita zuwa ODT, ku buɗe a wata na'ura. Idan haruffan sun iso lafiya, ku fara babi na ɗaya.