Hasashen hunturu da ya tsaya a filin jirgi

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa makon ƙarshe na Disamba, karkarar da ke arewa da birnin Kano tana sauya kama cikin hanzari. An daɗe da yanke gero, dawa na ƙarasa shiga dami, ana roron wake, harawa kuma an ɗora ta bisa rufin ɗakuna da rassan itatuwa. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Kunchi, abincin da gida zai ci har wata damina yana zube a fili, a bushe ƙayau. A wannan tsakani iskar arewa maso gabas ke kankama, kuma a cikinsa ne ma'aikata ke shirin hutun ƙarshen shekara. Ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu, ko a gidajen da ba a bikin Kirsimeti, sun zama makon ɗaurin aure, taron dangi da ziyarar mahaifa.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen kwanaki uku, jaridu kuma su buga shi da Turanci. A wannan lokaci na shekara kalamansa sanannu ne: za a samu hazo a jihohin arewa, nisan da ido ke iya hangowa zai ragu zuwa kilomita 2 zuwa 5, ko kuma, in ƙurar ta yi kauri, zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka. Sai shawara ta biyo baya, cewa kamfanonin jiragen sama su nemi sabon bayani kafin tashi, masu ciwon numfashi kuma su yi hattara. Bayanin gaskiya ne, amma daga lafazinsa za a gane wanda aka rubuta wa. Matuƙin jirgi ne ke auna duniya da mitocin hange. Manomin Makoɗa yana auna ta da abin da zai yi gobe da hantsi.

Wannan karkata tana da tarihi. NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, a ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama take, kuma manyan tashoshinta na awo suna filayen jirage, har da na Malam Aminu Kano. Babu mai zargin hukumar don ta damu da jirage; Kano ba ta manta da 22 ga Janairun 1973 ba, ranar da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya faɗi wajen sauka a tsakiyar hunturu, mutum 176 suka rasu. Kuma hukumar ta yi abin yabo a fannin noma: hasashen damina da take fitarwa a farkon kowace shekara ana fassara shi zuwa Hausa, ana kai shi jihohi. Matsalar ita ce, da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, sai a ɗauka manomi ya gama buƙatar labarin sama, alhali a sannan ne dukiyarsa ta fi zama cikin haɗari.

Za a iya cewa mutumin karkara bai buƙatar wani ya koya masa hunturu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Yana da sunaye ga abin da hasashe ke haɗawa a kalma ɗaya: ya bambanta hazo da buji, ya san jaura, ya san muku-muku. Malaman ƙauye suna da lissafin taurari, kowane tauraro kwana 13, da shi suke faɗin shigar ɗari da fitarsa. Sai dai wannan ilimi na sanin lokaci ne, ba ya faɗin rana. Yana cewa ɗari ya shiga, ba ya cewa jibi da safe ƙura za ta rufe hanyar Daura. Ranar kuwa, ita ce na'ura ta fi ɗan Adam iya gani, don ƙurar ba a Kano ake haifar ta ba.

Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, kusa da Faya Larjo. Wurin busasshen gindin wani tsohon babban tafki ne, ƙasarsa fara ce mai laushi kamar gari, ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a mazurari, ta ƙara gudu, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Masana sun ɗauki kwarin a matsayin wuri guda da ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura. Tauraron ɗan Adam yana ganin tashinta, kuma tana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta iso Kano. Hadarin damina kan haɗu cikin sa'o'i kaɗan, ya jiƙa ƙauye ɗaya ya tsallake na kusa da shi. Ƙurar hunturu kuwa tana tafe ne a shimfiɗe, ta rufe jihohi da dama lokaci guda, bayan ta ba da sanarwar zuwanta. Ke nan, hasashen da ya fi sauƙin dacewa shi ne wanda aka fi ƙyuyar kai wa mutane.

Ƙurar ba abokiyar gaba ba ce zalla. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda tun shekarun 1960 ya yi nazarin wannan yanki mai cunkoson gonaki da ke kewaye da Kano, ya nuna yadda ake noma fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar shi ya huta ba, da taimakon takin dabbobi, tokar gida da sharar birni da ake kaiwa a mangala. Binciken Grant McTainsh a Kano wajen 1980 ya auna ƙurar da hunturu ke saukewa, wadda ke ƙara wa ƙasa ɗan sinadari a kowace shekara. Abin da ke sa ma'aikaci wanke mota sau biyu a rana, wani ɓangare ne na abin da ya riƙe gonar kakansa.

To me hasashe zai amfana wa wanda ke zaune a wannan ƙasa? Na farko wuta. A ranakun da iska ta yi ƙarfi, danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma a yankin da gida ke jingine da gona, dangar kara ke jingine da rumbu, tartsatsi ɗaya ya isa. Iskar hunturu tana da ɗabi'a: takan tsananta da hantsi, ta lafa da yamma. Wanda ya san gobe iska za ta yi ƙarfi ba zai ƙona sharar gona ba, ba zai bar yara su hura wutar jin ɗumi kusa da tarin harawa ba, masu girkin biki kuma za su kafa murhu nesa da danga. Makon bukukuwa shi ne makon da aka fi hura wuta a waje. Sussuka da shiƙa ma suna son iska matsakaiciya. In ta yi yawa, har tsabar take ɗauka.

Sanyin dare kuma fuska biyu gare shi. A Disamba da Janairu zafin rana a Kano kan kai wajen digiri 30, dare kuma ya sauko wajen 13, wani lokaci ƙasa da 10, kuma fadama ta fi filin jirgi sanyi. Ga masu noman rani a bakin madatsun Tomas, Watari, Gari da Jakara, wannan sanyi jari ne. Alkama na son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta yi ido kafin zafin Maris. Tumatir da albasa ma cikin sanyi suke kyau. Ga jariri, tsoho da almajirin da ke kwana a zaure kuwa, daren da ya fi sanyi shi ne daren da ake shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gubar da garwashi ke fitarwa ba ta da launi, ba ta da wari, tana kashe mai barci bai farka ba. Gargaɗin da aka yi a daren da ya dace ya fi wanda ake maimaitawa duk shekara har kunne ya saba.

Sai hanya. Titin Kano zuwa Katsina ta Bichi da Tsanyawa, da na Daura ta Ɗambatta, suna cika a makon hutu, ga motocin hatsi masu nufar Dawanau, ga amalanke da babura marasa fitila. Direban da aka gaya wa mita 1,000 bai ji komai ba. Wanda aka gaya wa cewa ranar Lahadi, ranar kasuwar Ɗambatta, hazo zai yi kauri daga asuba, zai iya jinkirta tafiyarsa.

Ba sabon abu ake nema ba. Cibiyar hasashen ƙura da ke Basalona, a ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, tana wallafa taswirar tafiyar ƙura kyauta a intanet, kuma tun 2018 aka samar wa Burkina Faso tsarin gargaɗi mai launuka, yanki bayan yanki. Kano tana da abin da ya fi wuyar samu, wato hanyar isar da saƙo: Rediyon Kano, Freedom da sauran tashoshi da ake saurare har a bakin rijiya, malaman gona na KNARDA, dagatai da masu unguwanni, da limaman Juma'a. Abin da ya rage shi ne mutum ɗaya a ofishin NiMet na Kano da wani a ma'aikatar gona su zauna kowace yamma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su mayar da lambobi jumloli uku na Hausa: yaya iskar gobe, yaya sanyin dare, yaya hanya. Kuɗin minti biyu na rediyo bai kai na rumbu ɗaya da ya ƙone ba.

Kafin a kai ga haka, ɗan garin da ke aiki a Abuja ko Kaduna, wanda ke duba hasashe a wayarsa don ya san ko jirginsa zai sauka Kano, yana riƙe da labarin da yayansa ke buƙata kafin ya cinna wa sharar gona wuta. Kiran wayar da yake yi don tambayar abin da za a sayo na biki zai iya ɗaukar wannan ma.